Littafin aikin sauya injin ɗumama gidanmu a Edmonton, ƙasar Kanada

Asabar, 16 ga Satumba, 2023

Ma'aikacin da ke duba mana injin ɗumama gida kowace shekara kafin sanyi ya sauka ɗakin ƙasa da kayan aikinsa, kuma bai yi minti ashirin ba ya kira ni in zo in gani da idona. Ya zura ƙaramar kyamara mai dogon wuya cikin bututan ƙarfen da wutar gas ke ci a cikinsu, waɗanda iskar gida ke bi ta bayansu tana kwasar zafi, sai ga tsagewa mai tsawon ɗan yatsa a lanƙwasar ɗaya daga ciki. Wannan ƙarfe shi kaɗai ne katangar da ke tsakanin hayaƙin gas da iskar da 'ya'yana ke shaƙa, saboda haka da ya rufe bawul ɗin gas ya rataya masa jar takarda, ban yi masa musu ba. An girka injin a 1996, gidan kuwa ginin 1978 ne mai hawa ɗaya da ɗakin ƙasa.

Da dare na yi waya da Hajiya a Kano na ba ta labari. Ta ce, “To ai ka san abin tun kana yaro. Ko a tsakiyar hunturu ban taɓa barin kaskon garwashi ya kwana da ku a ɗaki ba.” Gaskiyarta. Iskar da ke fita daga garwashi a rufaffen ɗaki, kabon monoksaid, ita ce dai wadda ake tsoro a nan: ba ta da wari, ba ta da launi, kuma jini ya fi kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau fiye da 200. Zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya a wannan littafi, domin in sami abin dubawa a shekaru masu zuwa, kuma domin 'yan'uwanmu da ke sayen gidaje a wannan ƙasa ba tare da sun taɓa zama da irin wannan inji ba.

Asabar, 23 ga Satumba

Kamfanoni uku sun zo sun ba da farashi a cikin makon nan, biyu daga cikinsu na same su ne ta bakin abokai bayan sallar Juma'a a masallacin Al Rashid. Farashin ya kama daga dalar Kanada 5,800 zuwa 7,200. Dukkansu injin da suka kawo mini irin na zamani ne mai tatse zafi har daga tururin hayaƙi, domin tun 2019 dokar tarayya ba ta yarda da sabon injin gas na gida da ke mayar da ƙasa da kashi 95 cikin ɗari na gas ɗinsa zuwa zafi ba. Tsohon namu kashi 80 yake bayarwa, sauran yana tafiya sama ta bututun hayaƙi.

Inda muka saɓa shi ne girman injin. Tsohon yana cin gas na BTU 100,000 a awa (BTU ma'aunin yawan zafi ne), wato yana ba gida 80,000. Biyu daga cikin masu farashin sun karanta wannan lamba a jikinsa kawai, ɗaya ya rubuta mini injin 80,000, ɗayan ya ce a mayar da 100,000 don hankali ya kwanta. Amma ina da wata lamba tawa. A sanyin da aka yi a Disamban bara, a wani dare da ma'aunin da ke bayan gida ya nuna digiri 33 ƙasa da sifili, na zauna da agogo na ƙirga, na ga injin yana aiki kusan minti 35 ne cikin kowace awa, sauran yana hutawa. Idan aka lissafa, abin da gidan ke bukata a irin wannan dare bai wuce BTU 47,000 ba. Mutanen da muka sayi gidan a hannunsu sun canza tagogi sun ƙara audugar rufi mai hana zafi fita, amma injin ya ci gaba da zama a girman da aka zaɓa wa gidan da ya fi wannan yoyon zafi.

Injin da ya fi ƙarfin gida yana da illa da ba a gani a ranar saye. Yana kunnuwa ya hura zafi mai yawa cikin ɗan lokaci, ya mutu, ya sake kunnuwa, ɗakunan kusa su yi zafi na nesa su zauna da sanyi, ƙarfen kuma ya yi ta buɗewa yana tsukewa sau da yawa a yini har ya gaji ya tsage. Ina kyautata zaton abin da ya ci tsohon namu ke nan. Mai farashi na ukun ne kaɗai ya yarda ya auna gidan kafin ya faɗi girma, kuma shi ne mafi tsada.

Laraba, 27 ga Satumba

Ya zo ranar Litinin ya yi kusan awa biyu yana auna bango da tagogi da ƙofofi, ya leƙa rufi ya duba kaurin auduga, ya tambayi ko bangon ɗakin ƙasa yana da auduga a bayan katakonsa. Yau ya turo lissafin, wanda aka yi bisa ƙa'idar Kanada mai lamba CSA F280. Sakamakon shi ne gidan yana zubar da BTU 44,000 a awa idan waje ya kai digiri 30 ƙasa da sifili ciki kuma yana kan 22. Lambar ta zo kusa da tawa, abin da ya ƙara mini ƙwarin gwiwa.

Mun tsaya a kan injin 60,000 mai hawa biyu, wato yana iya ci da ƙaramar wuta ko da babba, mai ingancin kashi 96, wanda a takarda zai ba da 57,600. Ya ja hankalina ga wani abu da ban sani ba: Edmonton tana sama da teku da fiye da ƙafa 2,000, iska ta ɗan fi sirantaka, don haka ya cire kashi 10 daga lissafinsa ya ce mu ɗauka cewa 52,000 muke da shi a hannu. Tsakanin 44,000 da 52,000 akwai rata, amma ba mai faɗi ba ce. Uwargida ta saurari bayanin har ƙarshe, sannan ta ce, “Abban yara, idan aka yi sanyin da ya wuce na lissafinsu fa?” Na ce mata injin zai yi ta aiki ba hutu, gidan kuma zai iya sauka da digiri ɗaya ko biyu na kwana biyu ko uku, kuma na fi son wannan a kan mu shekara ashirin da injin da ya fi ƙarfin gidanmu. Ta amince, ni kuma na sa hannu, duk da cewa tambayarta ba ta bar zuciyata ba. Kafin ranar aiki muna kwana da hita biyu na lantarki, kowanne a soket ɗin bango kai tsaye, nesa da labule.

Talata, 3 ga Oktoba

Mutum biyu suka zo da ƙarfe takwas na safe, ɗaya mai lasisin aikin gas, ɗayan mai aikin kwano. Kafin su taɓa komai na nemi ganin takardun izinin da kamfanin ya karɓo daga hukumar birni, suka nuna mini. A jihar Alberta haɗa bututun gas sana'a ce da sai mai takardar shaida ke yi, kuma ko da doka ba ta ce haka ba, aiki ne da ba zan yarda in gwada da hannuna ba.

Fitar da tsohon bai ɗauki lokaci ba. Abin da ya ci yinin shi ne hanyar hayaƙi. Sabon injin yana da bututan musayar zafi kashi biyu, kuma kafin hayaƙin ya bar na biyun ya riga ya huce har tururin da ke cikinsa ya koma ruwa. Irin wannan hayaƙi ba shi da zafin da zai ɗaga shi ya hau tsohon bututun da ke fita ta rufi, don haka ƙaramar fanka ce ke tura shi waje ta bututun roba da aka huda wa bango. Bututan biyu ne, ɗaya yana fitar da hayaƙi, ɗayan yana shigo da iskar da wutar za ta ci daga waje. Robar ba irin ta masu aikin famfo ba ce, sai wadda ke ɗauke da hatimin ULC S636. Na tsaya na ga sun ba bututun hayaƙin gangara zuwa wajen injin, rubu'in inci a kowace ƙafa, domin ruwan da ya taru a ciki ya komo ya bi tiyo zuwa magudanar ƙasa. Ruwan yana da ɗan tsami, kuma a ranar da injin ke ci sosai zai iya kusantar lita biyu a awa.

Sai maganar tukunyar ruwan zafi. A da ita da tsohon injin suna tarayya a bututun hayaƙi ɗaya, zafin injin yana taimaka wa hayaƙinta ya tashi. Yanzu an bar ta ita kaɗai a bututun da ya yi mata faɗi, inda hayaƙinta zai iya hucewa ya jiƙa bango, ko ya juyo cikin gida. Sun zura mata siririn bututun ƙarfe daga rufi har ƙasa, abin da ya ƙara dala 700 a kan kuɗin aikin. A cikin masu farashi ukun nan, biyu ba su ko ambaci wannan ba.

A kan inda bututan roba za su fito waje ne muka ɗan ja. Ma'aikacin ya so bangon baya, ni kuma na roƙe shi ya fitar da su ta gefe, a lungun da ke tsakaninmu da maƙwabci, domin kada tururi ya riƙa tashi a inda yara ke wasa. Ya auna nisan wurin daga taga da mitar gas, ya ce bai saɓa wa ƙa'ida ba, ya ɗaga bakinsu sama da inda dusar ƙanƙara ke kaiwa da fiye da santimita 30, ya yi yadda na ce.

Laraba, 4 ga Oktoba

Ma'aikacin ya dawo da safe don daidaita injin, kuma na roƙe shi ya bi da ni matakan kunnuwarsa ɗaya bayan ɗaya. Na'urar da ke bangon falo ce ke neman zafi. Ƙaramar fanka ta fara jan iska, wani makunni mai jin matsin iska ya tabbatar cewa bututan a buɗe suke, sannan ƙyastun lantarki ya yi ja, bawul ya saki gas, wuta ta kama. Akwai wani siririn tsinken ƙarfe a cikin harshen wutar, wanda idan bai shaida cewa ta kama ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, gas zai yanke nan take. Bayan kusan rabin minti babbar fanka ke tashi ta raba ɗumin ga ɗakuna.

Ya auna matsin gas ya daidaita shi bisa littafin injin, sannan ya soka ma'aunin zafi a hanyar iskar da ke komowa da wadda ke fita. Bambancin ya kai digiri 31, alhali iyakar da aka rubuta a jikin injin daga 17 ne zuwa 33. Wannan alama ce cewa iska ba ta wuce masa yadda ya kamata. Muka gano wasu ƙofofin iska biyu da aka rufe a ɗakin ƙasa, kuma filtar da na saya mai kaurin inci ɗaya ta cika matsewa. Da aka buɗe ƙofofin aka sa akwatin filta mai inci huɗu, bambancin ya sauko 25. Na rubuta duk lambobin nan na manna a ƙofar injin. Da yamma na ɗaura ƙararrawar kabon monoksaid guda biyu, ɗaya a barandar ɗakunan kwana, ɗaya a ƙasa, na rubuta shekarar a bayan kowacce domin su ma suna tsufa.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Sufeton birni ya zo, ya duba haɗin gas da gangarar bututu da hayaƙin tukunyar ruwa, ya sa hannu. Ya gargaɗe ni kada in toshe tsohuwar kafar da ke shigo da iska daga waje zuwa ɗakin injin, ko da tana kawo sanyi, domin tukunyar ruwan har yanzu da ita take numfashi. Na yi rajistar garanti ta intanet a daren.

Alhamis, 30 ga Nuwamba

Watan ya ƙare babu dusar ƙanƙara a garin, abin da dattawan unguwa ke cewa ba su taɓa gani ba. Injin yana zaune a ƙaramin hawansa, yana ci a hankali na dogon lokaci, kuma ɗakin yara na ƙarshen baranda, wanda kullum ya fi ko'ina sanyi, ya daidaita da sauran. Sautinsa ma da ƙyar ake ji. Amma wannan bai isa gwaji ba, domin ko rabin ƙarfinsa ba a nema ba tukuna.

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Sanyin da uwargida ta tambaya a kansa ya iso. Jiya Juma'a an auna digiri 45.9 ƙasa da sifili a filin jirgin saman Edmonton, wanda ke wajen gari a fili, ma'aunin bayan gidanmu kuma ya nuna 38. Tun daren Alhamis injin ya hau babban hawansa bai sauko ba, gidan yana riƙe da digiri 21.

Da misalin ƙarfe huɗu na asubahin yau shirun gidan ne ya tashe ni. Na'urar bango tana nuna 17. A ƙasa na tarar da ƙaramar fanka tana tashi tana mutuwa, fitilar jikin injin kuma tana ƙiftawa, kuma da na ƙirga ƙiftawar na duba takardar da ke bayan ƙofarsa, sai ta nuna makunnin matsin iska ne ya ƙi ba da izini. Abin da ma'aikacin ya koya mini a Oktoba ya yi amfani a nan, domin na san cewa ɗaya daga cikin bututan biyu ne ya toshe. Na kashe injin, na sa kayan sanyi na fita da tocila. Bakin bututun da ke shigo da iska ya cika da farar ƙanƙara mai laushi kamar auduga, saura 'yar kafa da ba ta fi kwabo ba. A wannan lungu babu iskar da za ta kwashe tururin da ke fitowa daga bututun hayaƙi, sai ya tsaya a wurin, ɗan'uwansa ya zuƙe shi, ya daskare a bakinsa kaɗan-kaɗan har ya rufe. Na share ta da hannu da ɗan buroshi, ban zuba ruwan zafi ba domin zai koma ƙanƙara mai tauri. Na koma na kunna, wuta ta kama a karon farko.

Na daɗe a zaune a matakalar ɗakin ƙasa bayan haka. Injin ya yi abin da aka ƙera shi ya yi, ya ƙi kunna wutar da ba za ta sami iska ba, kuma na gode wa Allah da hakan. Wurin da bututan suka fito kuwa ni na zaɓe shi, saɓanin shawarar wanda ya fi ni sanin aikin. Gidan bai koma 21 ba sai bayan azahar, domin injin da aka auna daidai da bukata ba shi da rarar ƙarfin da zai yi saurin cike giɓi a irin wannan sanyi. Yau duk bayan awa uku nake fita in duba bakin bututun.

Lahadi, 14 ga Janairu

Jiya wajen ƙarfe bakwai saura na dare duk wayoyin gidan suka yi ƙara lokaci guda. Saƙon gaggawa ne daga gwamnatin jiha cewa wutar lantarki ta kusa gaza wa jama'a, kuma idan ba a rage amfani da ita ba za a fara ɗauke ta unguwa-unguwa. Muka kashe fitilu, na cire wayar da ke ɗumama injin mota, aka fasa kunna na'urar busar da kaya. Daga baya hukumar da ke kula da layin wutar ta ce bukata ta ragu da kusan megawat 200 cikin 'yan mintoci, kuma ba a kai ga ɗaukewar ba.

Abin ya tuna mini cewa injin gas ba ya motsi sai da lantarki, domin fankokinsa biyu da ƙyastunsa duk da ita suke aiki. Mu da muka taso da janareta, hannunmu wurinsa yake fara zuwa, kuma na ji wani ɗan'uwa yana cewa zai kunna nasa a gareji ya bar ƙofa a ɗan buɗe. Na kira shi na roƙe shi don Allah kada ya yi, domin garejin manne yake da gidansa, kuma hayaƙin janareta ya hallaka iyalai a gida Najeriya ta wannan hanya. Game da girman injin, daren jiya ma'aunin waje ya sake kusantar 38, injin bai huta ba ko sau ɗaya, gidan kuma ya kwana a kan 20.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Da sanyi ya sassauta ma'aikacin ya zo ya ga lungun. Ya ƙara wa bututun hayaƙi tsawo ya miƙar da bakinsa yadda zai harba tururin nesa da bango, ya juyar da na shigar iska ƙasa, duk a cikin iyakar da littafin injin ya yarda. Ya ce wannan zai rage matsalar, amma maganinta na dindindin shi ne a mayar da su bangon baya idan bazara ta zo. Na amince.

Wani sauyi da na lura da shi shi ne danshi. Tsohon injin yana zuƙar iskar cikin gida yana fitarwa, busasshiyar iskar waje tana maye gurbinta, har leɓe ya riƙa tsagewa kamar a hunturun Kano. Sabon ba ya taɓa iskar ciki, don haka a makon sanyin nan ƙanƙara ta kwanta a ƙasan tagogi ta ciki. Mun koma kunna fankar kicin da ta banɗaki na tsawon lokaci bayan girki da wanka.

Asabar, 20 ga Afrilu

Azumi da salla sun wuce, dusar ƙanƙara ta narke, yau na yi wa injin duban ƙarshen sanyi. Na kashe wutarsa, na zare filta na ɗaga ta ga haske, na ga ta yi duhu, na sa sabuwa ina lura da kibiyar da ke jikinta ta fuskanci injin. Na cire tiyon ruwa na wanke shi, na zuba ruwa a magudana na ga yana wucewa, na danna maɓallin gwaji na ƙararrawa biyun. Tsinken shaidar wuta da matsin gas da awon hayaƙi na bar wa ma'aikacin, wanda zai zo a Satumba kamar yadda aka saba.

Na jera takardun kuɗin gas na Oktoba zuwa Maris kusa da na bara. Yawan gas ɗin da muka ƙona ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, amma ba zan jingina wannan duka ga injin ba, tunda Nuwamba da Disamban bana sun yi sauƙi ƙwarai, kuma wani ɓangare na kuɗin takardar na dakon gas ne da ba ya sauka ko an rage ci. Sai an ga sanyi na biyu kafin lambar ta zama abin dogaro. An sa ranar 14 ga Mayu don mayar da bututan bangon baya, kuma kafin ranar zan matsar da lilon yara zuwa ɗaya gefen filin in cire katakon shingen da ke kusa da inda za a huda.